Sai an fita waje ake iya aikin tallata masu fasaha? Amsa ga ƙanwata ta Gusau

Salamu alaikum ƙanwata, da fatan kina lahiya, ya mutanen Gusau, ya haƙuri da yanayin da ake ciki. Tambayarki ta iso ni tun makon jiya, na ƙi amsawa da gaggawa ne don ba irin wadda ake ba layi biyu a wuce ba ce. Kin ce kin ƙare difloma ta aikin jarida, ranki na son aikin tallata mawaƙa da masu zane da 'yan wasan kwaikwayo da bukukuwan al'ada, amma an ce miki in ba ki yi digiri kin fita waje ba wahalar banza za ki sha, sannan Baba ya tambaye ki wai wanga wane irin aiki ne, ko roƙo ne anka sa ma riga da takalmi. Ni na haura shekara goma cikin wagga sana'a, na yi jami'a, na yi zaman waje, don haka zan gaya miki abin da kowanensu ya ba ni da wanda bai ba ni ba.

Tambayar Baba tukuna, don ita ta fi nauyi, kuma kada ki ji haushinta, yana da hujja. A wurin kiɗa mun san sanƙira, makaɗi na waƙa shi kuma yana ɗaga murya yana gaya ma jama'a wa ake nufi, ɗan wa ne, jikan wa ne. Mun san mai shela da ke zagaya gari da saƙon sarki. To aikinmu ya ɗan yi kama da nasu ta fuskar kai magana kunnen jama'a, amma inda munka rabu shi ne, sanƙira yabon mutum yake a yi mai kyauta, ke kuwa aiki kike kai ma labari, da yarjejeniya a rubuce, da kuɗin aikinki sananne tun kafin ki fara, kuma ba a yarda ki ƙara gishiri ba ko kaɗan. Ki gaya ma Baba sana'ar har hukuma gare ta, NIPR, ta masu aikin hulɗa da jama'a, an kafa ta 1963, doka ta tabbatar da ita 1990, ana rajista ana jarrabawa. Iyayenmu in sunka ji abu na da tsari hankalinsu na kwanciya.

Ni Hausa na karanta a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, Sashen Harsunan Najeriya, kuma ba irin maganar da ban ji ba, wai Bahaushiya ta karanta Hausa mi za ta yi da ita. Wallahi yau da wannan karatun nake cin abinci. Aikina na ƙarshe a kan waƙoƙin Sarkawa na yi shi, masuntanmu na Kabi, na kwashe watanni ina zama bakin ruwa da 'yar rikoda ina jiran tsoho ya gama gyaran komarsa ya ga dama ya yi min magana. Malamin da ya duba aikin, Allah ya saka mai da alheri, duk shafin da na kai sai ya ja jan biro ya rubuta wa ya faɗa miki, yaushe, a wane gari, shekarunsa nawa. Sau uku yana maido min babi ɗaya. A lokacin ina ganin takura ce, ashe ginshiƙin aikin kenan yake kafa min, don ɗan jarida na ƙwarai waɗannan tambayoyin zai yi miki in kin kai mai labarin mawaƙinki, kuma ranar da ya kama ki da ƙarya sau ɗaya kin gama da shi, ba zai sake ɗaukar wayarki ba. Abu na biyu da jami'a ta koya min shi ne zama gaban babba, yadda ake gaisuwa a jira, yadda ake tambaya ba a ci fuska ba, wanda ba a aji na koye shi ba, a bakin gulbi ne, amma jami'ar ce ta tura ni can.

Saboda haka in kin samu hali ki yi digirin, ba sai na aikin jarida ba tunda kin riga kin taɓa shi. Hausa, tarihi, adabi, wasan kwaikwayo irin na ABU Zariya, ko sadarwa a Bayero, ga kuma Jami'ar Tarayya nan Gusau ƙofar gidanku tun 2013. Abin da nake so ki fito da shi sanin abin da kike tallatawa ne. Na ga masu kwalin sadarwa da ba su iya rarrabe kotso da taushi da kalangu, to ta yaya za su yi ma baƙo bayanin makaɗin fada?

Bayan bautar ƙasa na yi 'yan shekaru a wani gidan rediyo a Birnin Kebbi ina shirin al'adu, daga nan Allah ya ba ni tallafin karatu na tafi Birtaniya mastas na shekara ɗaya a kan gudanar da harkokin al'adu. Darussan aji na da amfani, ba zan raina su ba, amma abin da ya canza min kai watan Agusta ne da na yi a Edinbara ta Sikotlan. Akwai biki can ana ce mai Fringe, asalinsa 1947 ne wasu ƙungiyoyin wasa takwas da ba a gayyata babban bikin garin ba sunka zo sunka yi nasu a gefe, yau shi ne bikin wasannin fasaha mafi girma a duniya, wasa sama da 3,000 cikin mako uku. Ki duba fa, dubu uku, kowa na neman mai kallo. Na lazimci wata 'yar ƙaramar ƙungiya da ke wasa a ɗaki mai kujera sittin, aikina in tsaya kan titin da suke kira Royal Mile da damin takardun talla a hannu, yayyafi na sauka, sanyi na shiga ƙashi alhali wai lokacin zafinsu kenan. Ranar farko ina tare mutum in fara dogon bayani, kafin in kai rabi ya wuce. Da yamma matar da ke shugabantar tallan tac ce min, taku biyar kike da shi kafin mutum ya gifta ki, in ba ki iya faɗin wasan cikin jimla ɗaya ba to ke ma ba ki gane shi ba. Na kwana ina sassaƙar jimla ɗaya kamar mai sassaƙa muciya. Har yau duk mai fasahar da ya zo wurina, kafin mu yi maganar kuɗi sai mun zauna mun fitar da jimlarsa ɗaya.

Matar nan na da wani jadawali a kwamfuta da ban taɓa ganin irinsa ba, sunan kowane ɗan jarida, jaridarsa, irin wasan da yake so da wanda ya tsana, ranar da anka kira shi ƙarshe, ƙarfe nawa yake rufe shafi. Ba ta tura saƙo ɗaya ga mutum ɗari, kowa da nasa. In mai sharhi ya zo ya kalli wasa ya ba shi tauraro huɗu cikin biyar, a daren za mu buga taurarin a ƙananan takardu mu zauna ƙasa muna maƙala su jikin kowace takardar talla da sitefila har hannu ya yi ciwo, da safe mu fita da su. Sannan littafin jadawalin bikin gaba ɗaya tun watan Yuni ya fito, kowa ya san rana da ƙarfe da ɗaki. To ƙanwata abin da waje ya ba ni kenan, lokaci da rubuta abu da cika alkawari. Babu wani sirri bayan wannan. Mu nan bukukuwanmu da yawa sai saura mako biyu ko uku a sanar da rana, wani lokaci ma a ɗaga, alhali baƙon da zai taso daga wata ƙasa na buƙatar biza da tikiti da masauki, mujallu kuma na tsara shafukansu watanni kafin su fito. Ba rashin kyan abinmu ke hana a zo ba, rashin sanin yaushe ne.

Yanzu ki ji ɗaya gefen, don shi ne waɗanda sunka ce miki sai an fita ba su gaya miki ba. Na dawo gida da zafina, na shirya baje kolin aikin wasu mata masu zanen ƙwarya da saƙar faifai da tabarma, na yi fosta mai kyau da Turanci, na tura imel ga duk wanda na sani, na sa a Facebook, na kama zaure na jera kujeru. Ranar ta zo, waɗanda sunka hallara ba su cika layi biyu ba, kuma rabinsu 'yan uwana ne. Matan nan sun baro garuruwansu tun asuba da kaya a kai. Abin ya yi min ciwo ƙwarai don su na ba kunya ba kaina ba. Da za su tafi babbarsu, muna ce mata Inna, ta kama hannuna tac ce ɗiyata, kin gaya ma hakimi? Na ce a'a. Kin kai rediyo? Na ce a'a. Tac ce kuma kin sa shi ranar da ba kasuwa, ga damina kowa na gona, wa kike so ya zo? Ni da na yi shekaru a rediyo, na manta da rediyo saboda na ga yadda ake yi a wani wuri. Da kaka ta yi munka sake, na je fada na yi gaisuwa na nemi albarka, an yi sanarwa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci, munka tura saƙon murya a WhatsApp maimakon rubutu don da yawa sauraro suke ba karatu ba, munka ɗora shi kan ranar kasuwa, kafin la'asar Inna ba ta da faifai ko ɗaya da ya rage. Tsarin da na koyo can na yi aiki da shi, jadawali da jimla ɗaya da bin kowa da kira, amma hanyar da labarin ya bi ta gida ce, Inna ta nuna min ita.

Ki ɗauki bikin kamun kifi na Argungu ki yi nazarinsa kamar littafi, don ba mu da misalin da ya fi shi a wannan yanki. Ɗan talla rago zai ce a zo a ga babban kifi, shi kenan. Wanda ya san tarihi zai ce a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu bayan doguwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi, anka yi su don karrama shi, daga nan bikin ya samo asali, wato bikin sulhu ne kafin ya zama na gasa. Zai yi maganar Sarkin Ruwa da aikinsa, da yadda ake hana kamun kifi a gulbin Matan Fada har sai lokacin ya yi don kifi ya samu girma, da homa da gora, da wasannin kabanci na cikin ruwa, da gidan tarihi na Kanta, da cewa UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya a 2016. Kowane ɗaya cikin waɗannan labari ne na daban da za ki kai ma ɗan jarida na daban, mai rubutu kan muhalli ki ba shi hana su, mai tarihi ki ba shi 1934, mai hoto ki gaya mai inda zai tsaya da ƙarfe nawa, don kamun kifin kansa kamar awa ɗaya ne, in ya makara ya yi asarar tafiya.

Da bikin ya dawo a watan Maris na 2020 bayan kusan shekara goma ba a yi ba, ina bakin Matan Fada da littafina, kuma abu ɗaya na sa ma raina. Hotunan bikin nan sun zagaya duniya shekara da shekaru amma in kin duba ƙasan hoton sai ki ga an rubuta wani masunci, ba suna ba gari. Wani dattijo ya fito daga ruwa, laka har wuya, yana rungume da giwan ruwa yana haki, masu kyamara sun yi mai caa, ni kuma na durƙusa na ce Baba sannu da aiki, mi ne sunanka, daga wane gari? Ya dube ni yac ce ɗiyata mi za ki yi da sunana? Na ce so nake duk inda hoton nan ya je sunanka ya bi shi. Ya yi shiru kaɗan sannan ya faɗa min, har da sunan mahaifinsa da ya koya mai su. Na bi masu hoton ɗaya bayan ɗaya ina ba su a rubuce, wasu sun sa wasu ba su sa ba. Wannan shi ne aikin a wurina. Mai fasaha in ba suna ba ya da hanyar da mai saye ko mai gayyata zai same shi, wasu ne za su ci da guminsa.

Shi ya sa nake roƙonki ki koyi rubuta yarjejeniya ko ta shafi ɗaya ce, da Hausa, a karanta ma mutum ya ji ya yarda kafin ki ɗauki bidiyonsa ki sa a TikTok. Akwai sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, ki nemo ta ki karanta. Yawancin waɗanda za ki yi ma aiki ba su san suna da wani haƙƙi ba, amanarsu na hannunki.

Ke kuma da kike Zamfara nauyinki ya fi nawa, na sani. 'Yan jaridar nesa ba su tuna jiharku sai an kai hari. Alhali ƙasar Maradun da Bakura da Faru ta fitar da makaɗan fada da har gobe ake sa su a rediyo, ga Dutsen Kwatarkwashi da tarihinsa, ga yara a Gusau da Ƙauran Namoda da Talatar Mafara na waƙa da zane da rubutu a waya ba mai kai labarinsu gaba. Aikinki ki ba ɗan jarida labari na biyu, amma don Allah kada son jiharki ya sa ki ce ma baƙo hanya lahiya lau alhali kin san ba haka ba ne. In hanya ba ta biyuwa ki faɗa, ki kai aikin inda mutane suke, ki ɗauki mawaƙin ko zanen zuwa Sakkwato ko Kano ko Abuja, ko ki yi ta intanet. Ran mutum ya fi kowane biki.

Maganar kuɗi, ba zan rufe ki ba, shekarun farko ba ya riƙe mutum shi kaɗai. Masu fasaharmu su kansu nema suke, wani zai biya ki da godiya da addu'a, wani ya ce sai waƙa ta fito. Ki riƙe wani aiki a gefe, rediyo ko koyarwa ko rubuta ma ƙungiyoyi rahoto, kuma tun farko ki saba da faɗin farashinki ba kunya, rabi kafin aiki rabi bayansa. Inda anka fi samu shi ne bukukuwa da ƙungiyoyi masu tallafa ma al'adu da kamfanoni masu ɗaukar nauyi, su kuma ba su ba mutum aiki sai sun ga abin da ya taɓa yi, don haka ki adana komai, hoton fosta, rikodin sanarwar rediyo, yawan mutanen da sunka zo, duk ki tara wuri ɗaya.

Fita waje kuwa in ta samu ki je, tafiya mabuɗin ilimi ce, ban yi nadama ba. Amma ki lura ko tallafin karatu irin Chevening na gwamnatin Birtaniya sai kina da digiri da aikin shekara biyu a hannu kafin ki nema, mastas ɗin shekara ɗaya ne, kuma da sharaɗin ki dawo gida ki yi aƙalla shekara biyu. Kin ga su ma wanda ya riga ya fara suke nema, ba mai jiran a fitar da shi ya fara ba. Kuma waje ba Turai kaɗai ba ne. Mu nan Kebbi daga Kamba taku kaɗan kin shiga jihar Dosso, kokowar takobi ta Nijar da ake yi tun 1975 ana zagayawa da ita jiha jiha, ki ga yadda rediyo da talabijin ke tsayar da ƙasa guda cak saboda ita, akwai darasin talla a nan mai yawa kuma da Hausa ake yinsa. Ga bikin finafinai na FESPACO a Wagadugu tun 1969, duk bayan shekara biyu. In kin iya Faransanci ko na gaisuwa da ciniki ne ƙofofi da yawa za su buɗe miki, lokacin da hanya da iyaka sunka yi daidai.

Abin da nake so ki yi cikin wanga wata, ki zaɓi mutum ɗaya a unguwarku, mai ɗinkin hula ko mai waƙen biki ko yaron da ke zanen fuskoki, ki nemi izinin Baba ki je da ƙanenki ko wata babba, ki zauna da shi sau uku ba ki tallata komai ba, sauraro kawai. Ki rubuta sunansa daidai, wa ya koya mai, shekara nawa yana yi, ki fitar da jimlarsa ɗaya, ki ɗauki hoto biyar masu haske da rana ba da dare ba. Sannan ki rubuta sunayen 'yan jarida goma na Gusau da shirin da kowane ke yi, ki zaɓi biyu da abin ya dace da su ki je da ƙafarki ki gaishe su. Ki turo min jimlar da hotunan in duba miki, zan ja jan biro kamar yadda anka ja min. In kuma Allah ya kai mu bikin Argungu na gaba ki zo ki tsaya kusa da ni bakin ruwa, ki taho da littafi da biro biyu da takalmin roba, laka ce wurin.